Mi ya sa fuskar wata ke da zanzana?

Ran da wata ya kwana goma sha huɗu, ku fita tsakar gida bayan isha ku dube shi da kyau. Za ku ga ba fari fat ba ne gaba ɗaya. Akwai wurare masu haske, akwai kuma masu duhu-duhu, kamar tabo a jikin ƙwarya. Iyakar abin da ido ke iya gani ke nan.

A shekara ta 1609, wani masani ɗan ƙasar Italiya mai suna Galile ya dubi wata da madubin hangen nesa. Sai ya ga duwatsu da kwaruruka, ya ga ramuka zagayayyu birjik, manya da ƙanana. Ashe wata ma ƙasa gare shi, da tudu da gangare kamar tamu. Amma fuskarsa duk zanzana ce.

To, ga tambaya. Wata maƙwabcinmu ne. Tsakaninmu da shi kilometir dubu 384 ne, kuma a sararin sama wannan ƙofar gida ce. Tare muke zagaya rana. Mi ya sa tasa fuskar ta cika da ramuka, tamu kuwa ba haka take ba?

Manomi ba ya sanin ƙarfin gonarsa sai ya leƙa ta maƙwabci. Haka masana duwatsu suke yi. Sukan jera duniyoyi, su gwada wannan da waccan. Duniyoyin da ke zagaya rana takwas ne. Huɗu na kusa da rana na dutse ne: Utaridu, da Zara wadda muke kira matar wata, da tamu duniyar, da Mirriku. Da faransanci ana ce musu Mercure, Vénus, Terre da Mars. Huɗu na nesa manya ne ƙwarai, amma ba su da ƙasar da mutum zai taka. Biyu daga cikinsu za mu ambata, Mushtari da Zuhalu, wato Jupiter da Saturne. Su ma suna da nasu watanni. Ku lura, a nan ba watannin shekara muke nufi ba. Duk ƙaramar duniya da ke zagaya babba, wata ake ce mata.

Wa ya haƙa ramukan?

Sararin sama ba wayam yake ba. Akwai duwatsu da ke yawo cikinsa, wasu kamar ƙwayar hatsi, wasu kamar rumbu, wasu sun fi gari girma. Ɓarɓashi ne da ya rage tun farkon samuwar duniyoyi, shekara miliyar 4 da rabi da suka wuce. Miliyar ɗaya ita ce miliyan dubu. Idan kun ga kamar tauraro ya tsinke ya faɗi da dare, ƴar tsakuwa ce irin wannan ta shigo iskarmu da gudu ta ƙone.

Gudun nan shi ne maganar. Irin wannan dutse yakan ci kilometir 20 cikin sakan guda. Da wannan gudu, daga Maraɗi zuwa Damagaram sakan 12 ne. Abin da ke tafe haka, in ya bugi ƙasa, fashewa yake yi. Ƙasa ta narke, dutse ya tarwatse, a bar rami wanda faɗinsa ya ninka na dutsen sau goma ko ashirin. Shi ya sa kusan duk ramukan zagayayyu ne, ko da a karkace dutsen ya zo.

Kuna iya gwadawa a filin makaranta. Ku cika kwano mai faɗi da rairayi mai laushi, ku daidaita samansa, ku barbaɗa toka. Sa'an nan ku saki tsakuwa daga sama. Ku dubi bakin ramin, za ku ga ya ɗan taso. Ku dubi yadda rairayin ƙasa ya fantsama kan toka. Haka abin yake a wata. Can kudancinsa akwai rami mai suna Tiko, faɗinsa kilometir 85. Farar ƙurar da ta fantsama daga cikinsa ta yi zane-zane har nisan fiye da kilometir dubu.

An daɗe ana gardama kan ramukan nan. Wasu masana sun ce bakunan duwatsu masu aman wuta ne. Gardamar ba ta mutu ba sai da aka je. Ran 20 ga Yuli 1969 kumbon Apolo 11 na Amurka ya sauka a wata da mutum biyu, Nil Amstrong da Edwin Aldrin. Daga 1969 zuwa 1972 an sauka sau shida, an kwaso duwatsu da ƙasa kilo 382. Da aka duba su, aka tarar da yawa cikinsu fasassun duwatsu ne da zafin karo ya manne wuri ɗaya. Gani ya kori ji.

Tsakar gida da sawun kaji

Ku tuna tsakar gida da safe, bayan an yi shara. Ƙasa sumul, ba sawu ko ɗaya. Kafin hantsi kaza ta wuce, akuya ta wuce, yaro ya wuce. Da la'asar sawu ya hau kan sawu. Baƙon da ya shigo, ko bai tambaya ba, ya san gefen da aka share ɗazu da gefen da ya kwana biyu bai ga tsintsiya ba.

Haka masana ke karanta fuskar duniyoyi. Wuri mai ramuka da yawa tsoho ne. Wuri mai ramuka kaɗan sabo ne, wani abu ya share shi. Ku riƙe wannan da kyau, da shi za mu yi tafiyar duka.

Wuraren wata masu haske tuddai ne, rami kan rami, ba masaka tsinke. Duwatsunsu sun wuce shekara miliyar 4. Wuraren duhu kuwa shimfiɗaɗɗun filaye ne masu ramuka kaɗan. Mutanen da sun zaci teku ne, har yau ma da sunan teku ake kiransu, amma ko ɗigon ruwa babu. Narkakken dutse ne ya ɓulɓulo daga cikin wata, ya malale cikin manyan kwaruruka, ya daskare ya zama baƙin dutse. Yawancinsa ya fito tsakanin shekara miliyar 3 da miliyar 4 da suka wuce. A 2020 kumbon ƙasar Sin, Chang'e 5, ya kawo wani wanda shekarunsa miliyar 2 ne. Daga nan wutar wata ta yi ta lafawa.

Yau ba mai shara a wata. Ba iska, ba ruwan sama, ba gulbi. Hanyoyin da ƴan sama jannati suka taka suna nan. Bayan shekara 40 wani kumbo ya ɗauki hotonsu daga sama, ba su shafe ba.

Masu sharar duniyarmu

Kada ku zaci duwatsun sama sun ji tsoron duniyarmu. Ta fi wata girma, ta fi shi ƙarfin jawo abu, saboda haka ta sha jifa fiye da shi. Iska tana tare ƙanana, amma ba ta iya tare manya. Duk da haka ramukan da aka tabbatar a duniya duka kimanin 200 ne kawai.

Biyu daga cikinsu ba su da nisa da mu. A Gana, kusa da Kumasi, akwai na Bosumtwi. Faɗinsa kilometir 10 da rabi, shekarunsa miliyan ɗaya da ɗoriya. Ruwa ya cika shi, ya zama tabki, mutane suna kamun kifi a ciki. A arewacin Cadi kuma akwai na Aorunga, faɗinsa ya wuce kilometir 12. Shi iskar hamada ce ke cinsa, ta yi masa zane a jiki kamar an ja tsintsiya.

Sauran fa? An share su. Kowa ya ga yadda ruwan dare ɗaya ke yanka kwazazzabo a gona, ya kwashe ƙasa ya zuba cikin gulbi. Kowa ya ji labarin tuddan rairayi na Tenere masu tafiya, har su rufe rijiya. Teku ma yana aikinsa. Fiye da shekara miliyan 50 da suka wuce, teku ya rufe ƙasar Adar. Abin da ya kwanta ƙarƙashinsa shi ya zama farin dutsen da ake siminti da shi a Malbaza, kuma ana tsintar ɓawon halittun ruwa a duwatsun wajen Tawa. Duk ramin da ke wurin kafin zuwan tekun, ya binne. Ga kuma wuta. A Azbin akwai tsofaffin duwatsu masu aman wuta waɗanda suka mutu, da baƙin dutsen da suka amayar. A Tibesti ta Cadi akwai Emi Kusi, mai tsawon metir 3,415.

Amma babban mai shara ba a ganinsa da ido. Ɓawon duniya ba guda ɗaya ba ne. Kamar ƙwarya yake da ta fashe aka ɗinke ta, sakaina jikin sakaina. Kuma sakainun nan tafiya suke yi, ƴan santimetir a shekara, kamar yadda akaifa ke tsiro. Afirka da Amurka ta Kudu a haɗe suke da. Suka rabu, tekun Atlantika ya shiga tsakani. A tsakiyar teku sabon dutse yana fitowa daga ciki. A wasu wuraren kuma wata sakaina tana nutsewa ƙarƙashin wata, ta koma cikin duniya da duk abin da ke kanta. Shi ya sa gindin teku da ƙyar yake kai shekara miliyan 200. Ku gwada da tuddan wata masu miliyar 4. Sun girme shi sau ashirin.

Tukunya da ludayi

Mi ke tura sakainun nan? Mi ke narka dutse? Zafi ne. Cikin duniya da zafi. In aka haƙa, kowane kilometir guda zafi na ƙaruwa da digiri 25 zuwa 30. Tsakiyarta ya wuce digiri 5,000. Wani zafin tun na farko ne, lokacin da duwatsu ke karo suna haɗuwa. Wani kuma daga wasu ma'adinai yake, masu fidda zafi sannu a hankali cikin dutse. Ɗaya daga cikinsu kun san sunansa: yuraniyom, irin wanda aka fara haƙa a Arlit a 1971.

Duk duniyoyin dutse da zafi suka fara. To, ku ɗauki kunu. A bar wani cikin babbar tukunya, a ɗebi wani cikin ludayi a ajiye. Wanne zai fara hucewa? Na ludayi. Na tukunya kuwa, ko samansa ya daskare, ƙasansa da sauran zafi. Faɗin duniyarmu kilometir 12,742 ne, na wata 3,474. Duniya tukunya ce, wata ludayi. Ya huce tun da daɗewa, kuma ƙanƙantarsa ba ta bar shi ya riƙe iska ko ruwa ba.

In wannan bayani daidai ne, ya kamata ya yi aiki a sauran duniyoyi. Mu gwada.

Utaridu ƙarama ce, kilometir 4,879. Ba ta da iska. Hotunan farko da kumbon Mariner 10 ya aiko a 1974 sun yi kama da na wata, har mutum ya rikice. Bambanci ɗaya: da cikinta ya huce sai ta tsuke, ɓawonta ya yamutse kamar busasshen tumatir. Yamutsin nan dogayen ganuwoyin dutse ne masu tsawon ɗaruruwan kilometir.

Mirriku ita ce ta tsakiya. Faɗinta kilometir 6,779, rabin na duniyarmu da ɗoriya. Ja ce ko a ido, don ƙasarta na da ƙarfen da ya yi tsatsa, kamar jar marmarar da ake zubawa a hanyoyinmu. A Nuwamba 1971 kumbon Mariner 9 ya isa can. Ya tarar ƙura ta rufe ta ɗungum, hazon da ya fi na hunturunmu nesa ba kusa ba. Ba a ganin kome sai ɗigo huɗu. Da ƙura ta kwanta, sai ɗigon suka zama kawunan manyan duwatsu masu aman wuta. Babbansu sunansa Olimpus. Tsawonsa ya wuce kilometir 21, wato dutsen Bagzan na Azbin, mai metir 2,022, sau goma. Faɗin gindinsa kilometir 600, kusan tafiyar Yamai zuwa Maraɗi.

Yaya ƙaramar duniya ta fi tamu babban dutse? Ku dubi mai shiƙa. In ta tsaya wuri ɗaya, hatsi zai yi babban tsibi. In kuwa tana shiƙa tana tafiya, sai ƙananan tsibi a jere. A duniyarmu sakaina na tafiya bisa bakin wuta, sai a sami jerin duwatsu, kamar tsibiran Hawayi. A Mirriku ɓawon bai rabu ba, ba ya tafiya. Narkakken dutse ya yi ta zuba wuri ɗaya shekaru aru-aru. Ga shi kuma nauyin abu a can bai kai rabin na nan ba, saboda haka tsibi na iya yin tsawo bai zube ba.

Mirriku ta yi ruwa. Akwai busassun kwaruruka masu rassa, kamar koramun Azbin da rani. A 2012 motar bincike mai suna Curiosity ta sauka, ta tarar da tsakuwa mulmulalla. Duk yaron da ya yi wasa a gindin gulbi ya san ruwa mai gudu ne ke goge tsakuwa haka. Amma wannan ya wuce shekara miliyar 3. Yau iskarta ba ta kai kashi ɗaya cikin ɗari na tamu ba. Ruwa ba ya iya kwanciya a fili, sai ƙanƙara a ƙuryar arewa da ta kudu da kuma ƙarƙashin ƙasa. Rabinta na kudu cike yake da tsofaffin ramuka, rabin arewa an share shi. Iska kaɗai ta rage tana aiki sosai, tana tara tuddan rairayi masu kama da jinjirin wata, irin na hamadarmu. Duk da haka tukunyar ba ta huce sarai ba. Daga 2018 zuwa 2022 wata na'ura mai suna InSight ta ji girgizar ƙasa fiye da sau 1,300 a can.

Zara kuwa kusan tagwaye take da duniyarmu, kilometir 12,104. Babbar tukunya ce, ya kamata a ce ana share ta. Haka ne kuwa. Gajimare ya rufe ta kullum, amma daga 1990 zuwa 1994 kumbon Magellan ya auna ta da rada, na'urar da ke aika igiyar rediyo ta ratsa gajimare ta dawo. Ramukan da aka ƙidaya ba su kai dubu ba. Kusan ko'ina narkakken dutse ne da ya daskare. Sai dai kada kyawunta da asuba ya ruɗe ku. Zafin ƙasarta ya kai digiri 460, ya isa narka dalma. Iskarta ta fi tamu nauyi sau 90. Kumbon Venera 13 na Tarayyar Sobiyet da ya sauka a 1982, minti 127 ya yi yana aiki kafin ya mutu. Ba teku, ba gulbi, kuma ɓawonta bai rabu sakaina-sakaina kamar namu ba. Masana da yawa suna danganta wannan da rashin ruwa.

Ya zuwa nan, maganar tukunya da ludayi ta riƙe.

Ludayin da ya ƙi hucewa

Mushtari na da manyan watanni huɗu. Galile ne ya fara ganinsu a 1610. Na kusa da ita sunansa Iyo. Faɗinsa kilometir 3,643, kusan daidai da watanmu. Ludayi ke nan, kuma nesa da rana. Kowa zai ce sanyi ƙarara, zanzana ko'ina.

A Maris 1979 kumbon Voyager 1 ya wuce ta wurin. Wata ma'aikaciya mai suna Linda Morabito tana duba wani hoto don ta tabbatar da inda kumbon yake. Sai ta ga wani abu kamar laima ya taso daga gefen Iyo, tsawonsa kusan kilometir 300. Dutse ne ke aman wuta, ana kallonsa. Yanzu an san fiye da 400 irinsa a Iyo. Ramin jifa kuwa, ko ɗaya ba a samu ba. Ba inda ake shara da sauri kamar can. Abin sha'awa, ƴan kwanaki kafin hoton, wasu masana uku a Amurka sun buga lissafin da ya ce za a tarar da cikin Iyo a narke. Da alƙalami suka riga kumbo isa.

Daga ina zafin? Ku sami guntun waya ta ƙarfe, ku yi ta lanƙwasa ta gaba da baya. Ku taɓa wurin lanƙwasar. Da zafi, ko ba haka ba? Abin da ake yi wa Iyo ke nan. Mushtari ta fi duniyarmu nauyi sau 318, jawowarta na da ƙarfi ƙwarai. Iyo yana zagaya ta cikin awa 42 da rabi. Watannin da ke bayansa suna fizgarsa, saboda haka wani lokaci ya matso kusa da ita, wani lokaci ya ja baya. In ya matso ta miƙe shi, in ya ja baya ta sake shi. Ƙasarsa takan tashi ta koma har metir 100. Kullum ana murɗa shi, ina zai huce?

Ku dubi ɗan'uwansa Kalisto, na can ƙarshe cikin huɗun. Ya fi Iyo girma, amma yana nesa, ba a murɗa shi. Fuskarsa rami kan rami ce, kamar tuddan watanmu. Gida ɗaya, uwa ɗaya, nisa kawai ya raba su.

A can nesa da rana, ƙanƙara ita ce dutse. Sanyi ya sa ta yi tauri kamar fa. Wata na biyu, Yuropa, ɓawonsa ƙanƙara ne mai tsage-tsage, ramukansa kaɗan ne. Shi ma ana murɗa shi, kuma awon da aka yi ya nuna akwai tekun ruwan gishiri ƙarƙashin ƙanƙarar. An harba kumbon Europa Clipper a Oktoba 2024 don ya je ya duba, ana sa ran isarsa a 2030. Zuhalu ma na da wani ɗan wata, Anselad, faɗinsa kilometir 500 kacal. A 2005 kumbon Cassini ya ga ruwa na feshi daga tsagogin kudancinsa. Daga baya ya ratsa cikin feshin, aka sami gishiri a ciki.

Titan, babban watan Zuhalu, shi ne ya fi kama da gida, kuma shi ne ya fi baƙunta. Yana da iska mai kauri. Ran 14 ga Janairu 2005 na'urar Huygens ta Turai ta sauka a kansa da laima. Ta aiko hoton kwaruruka masu rassa da tsakuwa mulmulalla. Amma sanyin wurin digiri 179 ne ƙasa da sifiri. Tsakuwar ƙanƙara ce. Abin da ke zuba kamar ruwan sama, ya cika tabkuna, metan ne, gas ɗin da ke tashi daga kashin shanu in ya ruɓe. Sanyi ne ya mai da shi ruwa. A tsakiyar Titan akwai dogayen tuddan rairayi a jere, waɗanda ɗan Bilma zai gane da gani ɗaya. Kayan aiki dabam, aikin iri ɗaya.

Baƙo daga Mirriku

Ran 3 ga Oktoba 1962, a Zagami cikin ƙasar Katsina ta Nijeriya, wani dutse mai kilo 18 ya faɗo daga sama kusa da wani manomi a gonarsa. An yi shekaru kafin a san daga inda ya fito. A 1976 kumbunan Viking suka sauka a Mirriku, suka auna iskarta. Daga baya aka tarar da ƴar iska a kulle cikin wasu duwatsun sama, har da na Zagami. Da aka auna ta, sai ta zo daidai da iskar Mirriku.

Wani kuma a ƙasarmu aka tsince shi. A Nuwamba 2023 aka sami wani dutse a jihar Agadas, nauyinsa kusan kilo 25. A lokacin ba a san wani guntun Mirriku a duniya da ya kai shi girma ba. An fita da shi waje, kuma a Yuli 2025 aka sayar da shi a birnin Niyok na Amurka kan dalar Amurka fiye da miliyan 5. Gwamnatin Nijar ta buɗe bincike don a san yadda ya bar ƙasa.

Na Zagami an daɗe ana nazarinsa, an san tarihinsa. Narkakken dutse ne da ya daskare kimanin shekara miliyan 180 da suka wuce, wato har lokacin wutar Mirriku ba ta mutu ba. Sa'an nan wani babban dutse ya bugi wurin, ya fizge shi da gudun da ya wuce kilometir 5 a sakan, ya watsa shi sararin sama. Ya yi kimanin shekara miliyan 3 yana zagaya rana kafin ya faɗo gonar Katsina. Ramin da wannan karo ya bari yana can a Mirriku, ba a share shi ba tukuna.

Tambayoyi

1. An ba ku hoton wurare biyu a duniya ɗaya. Na farko yana da ramuka 50, na biyu yana da 5. Wanne ne sabo? Don mi?
2. Iyo da watanmu kusan girmansu ɗaya. Mi ya raba su?
3. Ku zagaya garinku bayan an yi ruwa. Ku rubuta wurare uku inda ruwa ko iska suka sake kamannin ƙasa.
4. Ku sake gwajin kwanon rairayi da toka. Bayan kun yi ramuka, ku yayyafa ruwa a rabi ɗaya, ku bar ɗaya rabin. Wane rabi ne wata, wanne ne duniya?